Da gaske ne zana hoto a zuci yana sa mutum ya riƙe karatu?

Ɗan_Birni:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni, musamman ga malaman lakwal da mahaddata da ke cikin nan. Ni ɗan Terminal A ne, ajin ƙarshe na lise (sakandare), a nan Damagaram, bak, jarrabawar kammalawa, na matsowa, kuma babbar matsalata mantuwa ce. Sai in zauna da kaye, littafin rubutuna, bayan isha'i in yi ta karanta darasin istuwar, wato tarihi, har in ji ya zauna min daram, in rufe in kwanta, da safe in aka tambaye ni sai in tarar kan darasin ne kawai ya rage da ɗan abin da ke saman shafi, shekaru da sunaye kuwa duk sun cakuɗe, in ɗauki shekarar wannan in ba wancan. Ba wai ba na ganewa ba ne, a kalas ina gane bayanin mushe, malaminmu, sarai, riƙewar ce ta gagara, abin har ya fara hana ni barci.

To wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp, wani bature ne aka ba shi kati 52 a cakuɗe ya duba su bai kai minti ɗaya ba, ya mayar ya jero su daidai ba kuskure. Da aka tambaye shi sai ya ce wai kowane kati yana mayar da shi hoto a zuciyarsa ya ajiye a wani wuri cikin gidan da ya sani, in zai tuna sai ya zaga gidan a ransa ya kwashe. Shin wannan abu gaskiya ne ko dai baiwa ce Allah ya yi masa? In gaskiya ne yaya ake farawa, zai yi aiki a istuwar da filo, wato falsafa? Sannan ina da 'yar hadda da nake ja a hankali, ita ma ana iya yi mata haka? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mushe_Istuwar:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne, kuma ba baiwa ba ce, koyo ake yi. Ba ma sabon abu ba ne, Girkawa da Rumawa sun san shi tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cicero, wani mashahurin mai jawabi na Rum, ya ba da labarin wani mawaƙin Girka mai suna Simonides wanda ya rayu wajen shekara 2500 da suka wuce, an gayyace shi walima, yana ciki aka ce ana sallama da shi a waje, fitarsa ke da wuya rufin zauren ya rufto kan mutane har dangi suka kasa gane gawarwakin 'yan uwansu. Shi ne ya riƙa tuna inda kowa ya zauna, ya ce wane a nan yake, wane kusa da shi, har aka tantance su duka. Daga nan ya lura cewa zuciya tana riƙe wuri da abin da ke wurin fiye da yadda take riƙe magana tsura. Masu jawabin Rum da haka suke tsayawa gaban jama'a su yi dogon bayani ba takarda.

Bari in nuna maka da abin da ke cikin darasinku, shugabannin Nijar a jere, su 11 ne daga 1960 zuwa yau. Ɗauki gidanku, ba gidan wani ba, gidan da ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke cikin dare za ka iya zagawa ba ka yi tuntuɓe ba. Ka fitar da tashoshi bi da bi yadda kake shiga kullum: ƙofar gida, zaure, randa, murhu, turken awaki, wurin wanke-wanke, gindin dogon yaro, igiyar shanya, haka har ka samu 11. Hanya ɗaya za ka bi kullum, ba ka juyawa ba ka tsallake.

A ƙofar gida ka ga jirgin sama ya sauka ya toshe ƙofar, ƙararsa na kaɗa ƙyauren, an ɗaga tuta a kansa. Wannan Diori Hamani ne, tunda filin jirgin Yamai sunansa gare shi, tutar kuma 'yancin kai, 1960 zuwa 1974. Ka raɓa ka shiga zaure ka tarar ya cika maƙil da 'yan kallon ƙwallo ana ihu, ƙwallon ta daki bango ta dawo, Seyni Kountché kenan saboda babban filin wasa na Yamai, 1974 zuwa 1987. A randa ka ɗaga murfi don ka sha ruwa sai kumfar sabulu ta taso tana malala har ƙasa, ka ji ƙamshinta a hanci, sabulu, Saibou, Ali Saibou har 1993. Kan murhu babu tukunya, akwatin zaɓe aka ɗora yana tururi, Mahamane Ousmane ɗan garinmu, wanda ya ci zaɓen 1993. A turke awaki sun ɓace, barewa ce ɗaure tana fizge-fizge, Baré, 1996 zuwa 1999. Wurin wanke-wanke kwanuka sun taru sun fi katanga tsawo suna lilo za su zubo, Wanké, watanni ya yi a cikin 1999. Gindin dogon yaro wata mata na suyar masa a ƙatuwar tanda, mai na cuwa, Tandja har 2010. Sauran huɗun, Salou Djibo da Issoufou da Bazoum da Tiani, na bar maka su da gangan, domin hoton da kai ka ƙirƙira ya fi wanda wani ya ba ka zama nesa ba kusa ba.

Yanzu ɗauke idonka daga waya ka shiga gidan a ranka. Za ka ga bakwai ɗin nan suna fitowa a jere, har daga ƙarshe zuwa farko za ka iya, abin da haddar baki ba ta cika bayarwa ba.

Ka lura duk hotunan akwai abin da bai kamata ya kasance a wurin ba, kuma suna motsi, akwai ƙara ko wari. In ka ajiye abu shiru, ƙarami, wanda dama a nan yake zama, ba zai tsaya ba. Kada kuma ka tara abu biyar a tasha ɗaya, ɗaya ko biyu ya isa. In gida ya cika ka fita waje, hanyarka ta zuwa lise ita ma gida ce, daga ƙofar fada ka biyo ta masallaci, mai shayi, mai faci, famfo, duk tashoshi ne. Kowane babban darasi ka ba shi tasa hanya don kar su haɗe.

Maganar filo kuwa zan gaya maka gaskiya, dabarar ba ta rubuta disertasiyo, wato dogon rubutun kawo hujja. Za ta riƙe maka sunayen masana da jerin hujjoji da tsarin darasi, dalilai uku, sakamako huɗu, irin wannan. Amma in ba ka gane hujjar ba, hoton zai kai ka ƙofarta ne ya tsaya. Ina ganin yara a dabuwar, wato gwajin aji, sun jero shekaru daidai amma sun kasa faɗin me ya haɗa wannan da wancan, kuma maki mai yawa yana wurin haɗin. Ka fara ganewa, ka taƙaita darasin da hannunka zuwa 'yan kalmomi, su ne za ka mayar hoto.

Gardi_Garin_Malam:

Salamu alaikum. Mushe Allah ya ƙara basira, na ƙaru wallahi. Ni bangaren hadda zan taɓa tunda yaron ya tambaya.

Ɗana, mu a tsangaya ba mu san sunan wannan dabara ba amma ido yana aiki a hadda sosai, duk wanda ya haddace zai gaya maka. In ina tilawa ba baki kaɗai ke tafiya ba, ina ganin shafin a gabana, na san wannan aya tana hannun dama daga sama, waccan ita ce ta rufe shafin hagu, har inda alamar sumuni take a gefe ina ganinta. Shi ya sa abu na farko da malam zai ce maka kada ka canza mushafi. In da na Madina ka fara, mai shafi 604 da layi 15 a shafi, to ka zauna a kansa har ka sauke, in kuma na Warshu ne irin wanda muka taso da shi to shi ɗin dai. Yau ka karanta a wannan gobe a waya jibi a na masallaci, hoton da ido ya fara ɗauka sai ya watse, ka ga yaro yana da ƙoƙari amma kullum yana sarƙewa. Ayoyin da suka yi kama da juna ma wurin zamansu a shafi yana cikin abin da ke raba mana su.

Na biyu rubutu. Allo ba don rashin takarda kawai aka riƙe shi ba. In ka fiƙe alƙalami ka tsoma a tawada ka rubuta aya harafi bayan harafi, ka sa wasali, malam ya duba ya gyara, ka biya har ta zauna sannan ka wanke, to hannu ya sani, ido ya sani, kunne ya ji, harshe ya saba. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka, ta wannan hanya suka biyo. Ko a karatun lakwal ɗinka ina ganin in ka rufe kaye ka rubuta abin da ka tuna a wata takarda zai fi maka yawan kallo.

Amma ina jan kunnenka da abu ɗaya. Irin hotunan nan na ban mamaki da Mushe ya kwatanta, barewa a turke da kumfa a randa, ka bar su a istuwar da sauran darussa. Kada ka ɗora wa ayar Allah hoton wasa don ka tuna ta, bai dace da girmanta ba, kuma ba ka ma buƙata. Hoton shafi ya ishe ka, da sanin ma'ana in ka samu mai fassara maka, wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf ba ya ɓata a jerin surar kamar wanda bai sani ba.

Sai muraja'a. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mu sabon karatu da asuba muke ɗauka lokacin kai bai cika da hayaniya ba, na jiya da na shekaranjiya a biya su kafin a ƙara, tsohon kuma a raba shi a kwanaki ana zagayowa. Wanda ya bar wannan ko wane irin hoto gare shi zai zube. Allah ya buɗa maka.

Anti_Lafiya:

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma da wannan dabarar na riƙe jijiyoyin kai guda 12 lokacin muna makarantar lafiya, dole ka kawo su a jere da lambarsu da aikin kowace. Ɗakin kakata na yi amfani da shi, ta farko ta jin ƙamshi ce sai na sa kaskon turaren wuta a bakin ƙofa hayaƙi na shiga min hanci, ta biyu ta gani ce na sa wani ƙaton ido a cikin madubinta yana kallona, haka har ta goma sha biyu mai motsa harshe, ita kuma harshe ne ya leƙo daga cikin kwallar da ke saman jere yana lasar murfi. Har yau in ina buƙata ɗakin nake shiga.

Game da tambayarka ko baiwa ce, an bincika. Wata masaniya a Landan, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar gwanayen gasar riƙe lambobi da kalmomi a ka su 10 ta gwada da ta sauran mutane, sakamakon ya fito a 2003. Ba ta samu ƙwaƙwalwarsu ta bambanta a ƙira ba, ba su kuma fi sauran kaifin basira a gwaji ba, abin da ta samu shi ne 9 daga cikin 10 ɗin da wannan dabarar ta wurare suke aiki, kuma in suna hadda sassan ƙwaƙwalwa masu kula da sanin hanya ne ke tashi. Sannan a 2017 Martin Dresler da abokan aikinsa suka ɗauki mutane gama-gari waɗanda ba su taɓa yi ba, aka koya masu, minti 30 kullum har sati shida. Ana ba su kalmomi 72 su riƙe, kafin horon suna kawo wajen 26, bayansa suka kai wajen 62, kuma da aka sake kiransu bayan wata huɗu har lokacin suna gaban waɗanda ba a koya wa ba. Ka ga kenan aiki ne da naci.

Dalilin kuwa akwai wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunne, hipokamfus, shi ke riƙe taswirar wuraren da ka sani, kuma shi ne dai ke da hannu wajen ajiye sabon abin da ya faru da kai. Waɗanda suka gano ƙwayoyin da ke wannan aiki na sanin wuri, John O'Keefe da May-Britt Moser da Edvard Moser, har kyautar Nobel aka ba su a 2014. To in ka rataya darasi a jikin wuri, ka ba wa sashen nan abin da ya fi iyawa ne.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rubutunka shi ne ka ce abin ya fara hana ka barci. Don Allah ƙanena kada ka yi wasa da wannan. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke sake bin abin da ka koya da rana tana kafa shi, wanda ya kwana yana karatu har asuba ya tafi kalas ido jajir ya yi asarar rabin wahalarsa. Lokacin jarrabawa muna ganin yara an kawo su zuciya na bugawa hannu na rawa saboda sun haɗa kofi mai kauri da shayi da wasu ƙwayoyi da aboki ya ba su wai na hana barci ko na buɗe kai. Babu ƙwayar buɗe kai a teburin mai magani, tramol kuwa jaraba ce da farfaɗiya ke iya biyo bayanta, ka nisance ta ko wa ya miƙo maka. Ka ci abinci kafin ka fita, ka sha ruwa da zafin nan, ka samu barcinka. In kuma kana yawan jin kasala da jiri ka je a auna jininka, ƙarancin jini ma yana hana mutum tattara hankali.

Na_Zongo:

Ni fa jama'a ina karanta bayananku ina mamaki ne. Da gaske in kun rufe ido kuna GANIN abu? Na gwada na Mushe yanzun nan a shago, na rufe ido na ce bari in ga ƙofar gidanmu, duhu kawai. Na san ƙofar kore ce, na san akwai dakali a hagu, na san komai amma ba hoto ko kaɗan, ko fuskar mahaifiyata ba na iya kawowa. Kuma ba wai ina da mantuwa ba, ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Dole, masu karɓar kaya bashi sun fi ashirin kuma in zan bi kuɗi da yamma layi-layi nake tunawa, mai rumfar farko jika uku, na kusa da mai nama jika ɗaya da dala arba'in, ban cika duba littafi ba. To ni wane iri ne kenan, ko wani ciwo ne?

Anti_Lafiya:

Yaya Na_Zongo kwantar da hankalinka ba ciwo ba ne. Akwai mutane haka, 'yan kaɗan ne cikin ɗari, tun 1880 wani Bature Francis Galton ya tambayi mutane su kawo hoton teburin karin kumallonsu a zuci ya tarar wasu sun ce ba sa ganin komai, sai a 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Adam Zeman, ya sa wa abin suna afantaziya. Da yawansu sai sun girma suke gane cewa sauran mutane da gaske suke in sun ce suna gani. Kuma ko cikin masu ganin ba ɗaya ba ne, wani tar yake gani, wani dishi-dishi, ni kaina nawa ba kamar talabijin ba ne.

Kuma ai abin da kake yi a kasuwa shi ne dabarar, ka jera bashi a jikin rumfuna kana bin hanya, sanin wurin ne ke aiki ko hoton bai fito ba. Duk ɗalibin da yake irinka sai ya faɗi abin da baki, a randa akwai kumfar sabulu, ya taka da ƙafarsa ya je wurin randar ya taɓa ta yana faɗa, ko ya mai da jerin labari ko waƙa. Hanya ba ɗaya ba ce.

Ɗan_Birni:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Mushe na gwada, sun fito duka har na ƙarasa sauran, na sa zaki kwance ƙarƙashin igiyar shanya yana gurnani na Issoufou tunda Zaki ake ce masa, na Bazoum kuma tablo da alli a ƙofar ɗakin baba tunda malamin filo ne a da, na jero wa ƙanwata daga farko zuwa ƙarshe na kuma dawo da baya. Malam na ji gargaɗinka, dama a waya nake yawan biyawa in na fita, zan tsaya a mushafi ɗaya in sha Allah. Anti ba na shan komai sai shayi, zan rage na dare.

Saura abu ɗaya Mushe, sunayen sun zauna amma shekarun ba su bi su ba, su ne dama suka fi ba ni wahala. Lamba ai ba ta da hoto, yaya zan yi da 1945 da 1955 da irinsu? Kuma in na cika gidan da shugabanni yanzu, kwana nawa za su yi a ciki kafin su gudu?

Mushe_Istuwar:

Madalla ƙanena, zakin nan ya yi. Lamba kai za ka ba ta hoto, sau ɗaya za ka yi wahalar sannan ka yi ta amfani da shi har jami'a. Daga 0 zuwa 9 kowace ka ba ta abu ɗaya, ko don siffarta ko don adadinta. Nawa ga su: 0 ƙwai, 1 taɓarya, 2 agwagwa, 3 duwatsun murhu, 4 kujera, 5 hannu, 6 kwaɗon ƙofa, 7 lauje, 8 gyaɗa mai 'ya'ya biyu, 9 ludayi. In wani bai kwanta maka ba canza shi, amma in ka tsayar kada ka sake taɓawa.

Kuma ba sai ka ɗauki lamba huɗu ba, ai ka san ƙarnin, ba za ka kai yaƙin duniya na biyu 1800 ba. Biyun ƙarshe kawai. Taron Yalta 1945: yalo ƙato zaune kan kujera, hannu ya fito ya damƙe shi, 4 sannan 5. Taron Bandung 1955: bandiri ne hannu biyu na dukansa, 5 da 5. Namu na gida, yaƙin Tirmini da Sarki Amadu Kuran Daga ya yi da Faransawa a 1899: turmi da ludayi biyu a ciki suna daka da kansu. Ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai a 1926: agwagwa ta ɗauko kwaɗo a baki ta fito daga ƙofar fada ta nufi yamma. Ka kiyaye jeri, wanda ya fara zuwa shi ke sama ko shi ke fara motsi, in ba haka ba 26 za ta koma maka 62. Malam zai gaya maka ma magabatanmu suna da irin tasu, ramzi, inda kowane harafi ke da adadi, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, sai marubuci ya dunƙule shekarar da ya gama waƙarsa cikin kalma ɗaya a baitin ƙarshe.

Tambayarka ta biyu ita ce mai muhimmancin. Za su gudu in ka ƙyale su, hoto yana sa abu ya shiga da sauri ne ya kuma daɗe fiye da haddar baki, bai hana mantuwa ba. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya auna wannan a kansa ya wallafa a 1885, ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta lafa, kuma duk bitar da ka yi tana rage mata gudu. Don haka ka zaga gidan yau kafin ka kwanta, gobe da safe a hanyar lise, bayan kwana uku, bayan sati, sannan bayan wata. Kowane zagaye bai fi minti biyu ba, kana tafiya ma kana yi.

Kuma zagayen kaye a rufe ake yinsa, nan ne na ga matsalarka tun a rubutunka na farko. Ka ce kana karantawa har ka ji ya zauna. Wannan jin yana yaudarar ɗalibai da yawa, ido ne ya saba da shafin sai ka ɗauka ka riƙe. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa sun wuce su da nisa. Abin da Malam ya ce maka kenan na rufe kaye ka rubuta, da abin da ake yi a gaban alaramma in an kife allo an ce kawo.

Ga aikin da zan ba ka na wannan satin. Ɗauki darasin yaƙin cacar baka, ka taƙaita shi a takarda ɗaya, abubuwa goma zuwa sha biyu da shekarunsu, daga 1947 zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Kada ka sa su a gidanku, shugabanni na ciki, ka bi hanyar lise. Ranar Juma'a ka ba ƙanwarka takardar ta riƙe kai kuma ka jero mata, duk tashar da ka tsaya ka yi shiru ka sa mata alama, ka zo nan ka faɗa min wace ce da hoton da ka sa a wurin, sai mu duba ko hoton ne bai da motsi ko tashar ce ta yi kama da ta kusa da ita.